Me Suka Harba?

Ranar 25 ga Disamba 2021 ina gida Safo, ana hutun makaranta. Tun da hantsi na kai portabul ɗina caji, na sa forfe da kuɗin sabulun da Inna ta ba ni, don na ji cewa da ƙarfe 1:20 na rana, agogon Nijar, za a harba rokar Ariane 5 daga Kuru ɗauke da madubin hangen taurari mai suna James Webb.

Na zauna gindin bedi inda rezo ya fi kamawa. Kakana yana kan tabarma yana tufkar igiya. Wani mutum ya fara ƙirga da Faransanci daga goma yana yin ƙasa, da ya zo ɗaya bai ce "un" ba, sai ya ce "unité". Injin tsakiya ya kama wuta, rokar ba ta motsa ba. Haka tsarinta yake: sai bayan daƙiƙa 7 manyan tulunan wuta biyu na gefe suke tashi, sannan ta ɗaga. To, cikin daƙiƙa bakwai ɗin nan rezo ya ɗauke. Da hoton ya dawo, hayaƙi kawai na gani da gajimare.

Wallahi saura kaɗan in yi kuka. Kaka ya ɗago ya ce, "Amarya, lafiya?" Na ce, "Kaka, roka aka harba, ban gani ba." Ya ce, "Me suka harba da ita? Sun same shi?"

Dariya na yi a lokacin. Sai da na fara karatun ilimin harsuna a Yamai na gane tambayar ba ta wasa ba ce. A Hausa, harbi yana da abin hari: ka harbi zabo, jaki ya harbe ka, kunama ta harbi yaro. Da muka ari kalmar muka ɗora wa roka, mun bar tsoho yana jiran gawa. Shi kuwa "tauraron ɗan Adam", wanda ya ƙirƙiro shi ya iya Hausa, don ko ba bayani an gane.

Tun ranar na sa a raina sai na ga harbin nan da idona. Na bincika, ga abin da na samu. Kuru tana Guyan ta Faransa, a Kudancin Amurka, kusan digiri 5 arewa da layin da ya raba duniya biyu. An zaɓe ta ne don a can juyawar duniya ta fi sauri, wajen mita 460 a daƙiƙa, sai roka ta samu turi kyauta in ta nufi gabas, kuma teku ne a gabanta, ba gidajen mutane ba. Ana iya kallo daga bakin teku, akwai kuma wuraren kallo da sai ka rubuta sunanka tun da wuri. Dole ka riƙe katin rigakafin shawara, kuma bizar shiga Turai ba ta wadatar ba, Guyan tata daban ce. Ka je da kwanaki a hannu, don iska ko ƴar matsala tana sa a ɗage. In kana nesa da kilomita 10, za ka ga wutar shiru, ƙarar sai bayan kusan daƙiƙa 30 ta iso, kamar yadda walƙiya ke riga tsawa. Na lissafa kuɗin jirgi, na dubi bursina, na rufe kaye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da can abin bai yi mana nisa haka ba. A Hamagir, cikin Saharar Aljeriya, Faransa ta harba tauraronta na farko, Astérix, ranar 26 ga Nuwamba 1965. Daga tekun Kenya, kusa da Malindi, aka harba tauraron Uhuru ranar 12 ga Disamba 1970. Kano ma, da kakanninmu ke zuwa cin rani, Amurkawa sun kafa tashar bin sawu a can, tana cikin waɗanda suka bi kumbon John Glenn ranar 20 ga Fabrairu 1962. An yi wannan aiki a ƙofar gidanmu, amma da yaren wasu, shi ya sa labarin bai zauna a bakinmu ba.

Da na koma hutu na gaba, na duba lokacin da tashar sararin samaniya ta duniya za ta ratsa samanmu. Tana tafiya wajen kilomita 400 a sama, tana zagaye duniya cikin kusan minti 90, ana ganinta bayan magariba ko da asuba, in ba hazo. Na ja hannun Kaka muka fita bayan gari wajen gonaki, inda babu fitila. Sai ga ta, fara tas, ba ƙyaftawa kamar jirgi, ba ƙara. Na ce masa akwai mutane a ciki, kuma roka ce ta kai su.

Ya bi ta da ido har ta ɓace. Ya ce, "To ai wannan ba harbi ba ne, Amarya. Rakiya ce. Ta kai su ta juyo."

Na rubuta kalmar a kayena. Ƴan ajinmu, in kun je hutu ku nuna wa tsofaffinku ita, ku kawo mini sunan da suka ba ta. Kuru kuwa, ina nan ina tari a asusu.