Ƙugiyar da Ke Kan Harafi

A ikkilisiyoyinmu na ƙasar Bukkuyum da Gummi da Anka, da wuya a yi babban taro ba a ɗaga tuta ba. Zumuntar Mata tana da tata, mawaƙa suna da tasu, mu ma a makaranta muna da 'yar alama da a ke ɗinkawa a aljihun rigar yara. A da, tela ya kan zana rubutun da alli, sa'an nan ya bi shi da keken aiki yana juya yadin da hannu. Yanzu kuwa sai a aika Gusau ko Sakkwato, inda a ke da keken kwamfuta mai allurai da yawa. Aikin ya fi tsabta, ba gardama. Amma sau da yawa ƙugiyar harafi ta kan ɓace a hanya.

Masu karatu sun san ɓ da ɗ da ƙ. Tun cikin shekarun 1930 aka tsayar da su a rubutun boko, lokacin da Dokta Rupert East ya ke shugabancin ofishin talifi a Zariya, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Mu malamai mu kan yi watanni muna koya wa yaro cewa baki dabam, baƙi dabam, kafa dabam, ƙafa dabam. To, yawancin samfurin haruffan da ke zuwa tare da keken kwamfuta, don Turanci aka shirya su. Babu ƙugiya a ciki. Mai keke ya nema bai samu ba, sai ya sa D ya wuce.

Mun ga tutar da aka kawo wa matan wata ikkilisiya kusa da mu. Sun yi wata da watanni suna tara kuɗin daga cinikin ƙuliƙuli da man gyaɗa. Abin da suka ce a rubuta shi ne, Yesu Ɗan Allah. Da aka warware yadin, wani yaro ɗan aji uku ya karanta da ƙarfi yadda ya gani: Yesu, dan Allah. Wato shaida ta koma roƙo. Wasu suka yi dariya, amma matan ba su yi ba. Mayar da tuta Gusau ba ƙaramin abu ba ne a kwanakin nan, gama kowa ya san halin hanyar Anka, ba wanda zai sa ransa a kanta saboda harafi ɗaya. Farke ɗinkin keke kuma ya kan bar huji a yadi. A ƙarshe wata tsohuwa ta ɗauki allura ta ƙara ƙugiyar da hannu. Zaren bai zo ɗaya ba, amma ma'anar ta dawo.

Daga nan muka shiga tambaya, ga kuma abin da muka samu. Akwai samfurin haruffa masu kyau da ke da ƙugiyoyinmu duka, manya da ƙanana, kuma kyauta ne. Ƙungiyar SIL, wadda ta daɗe tana aikin harsuna da fassara, ta yi Andika da Charis. Google kuma yana da Noto. Har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar su ke rubutawa a inda mu ke sa 'y. A ganinmu Andika ya fi dacewa da tuta, gama don masu koyon karatu aka zana shi, jikinsa a miƙe, ba ƙawa mai yawa.

Sai dai keke ba ya karanta harafi, taku-takun allura ya sani. Dole mai aikin ya mai da harafin ya zama ɗinki a cikin manhaja irin su Wilcom, ko Ink/Stitch wadda ba a saye, ya fitar da shi a fayil ɗin da kekensa ke karɓa, DST ga Tajima, PES ga Brother. In ya bar kwamfuta ta yi ita kaɗai ba gyara, a daidai lanƙwasar ƙugiyar ne zare ya kan dunƙule, har ƙ ta zama kamar k mai ƙari a ka. Girma ma abin lura ne. Harafin da bai kai milimita 6 ba ya kan cushe da zaren da aka saba, sai an sa siririn zare da ƙaramar allura. Wannan ya shafi alamar aljihun yara fiye da tuta.

Yanzu in za mu aika aiki, mu kan rubuta kalmomin da manyan baƙaƙe a takarda, mu kewaye kowace ƙugiya da jan biro, mu faɗi sunan samfurin da mu ke so. Mu kan roƙi mai keke ya fara gwadawa a ƙyallen yadin, da abin tauri a bayansa, ya aiko mana da hoto ta WhatsApp. Kuɗin gwajin mu kan biya dabam. Hoton kuwa, yaran aji uku mu kan ba su karanta kafin mu ce ya ci gaba.