Guntun igiya a jikin dutse

A kwarin kogin Ardeshe da ke kudu maso gabashin Faransa akwai wata mafakar dutse mai suna Abri du Maras, inda mutanen Niyandatal suka riƙa sauka a zamanin da. Masu binciken kufai sun tono tarin kayan aikin dutse a wurin, daga ciki har da waɗanda aka fasa bisa salon Labalwa. A wannan salo, mai sassaƙa zai yi ta rage gefen curin dutsen ƙanƙara har ya yi kama da bayan kunkuru, sa'annan ya kai masa bugu ɗaya, ɓantaren da yake nufi ya fita da kaifinsa.

Sai dai dutse mugun mai ba da shaida ne, domin shi kaɗai ya tsira daga ruɓewa, don haka bakinsa kaɗai aka ji. Da sunansa aka raɗa wa zamanin suna, aka kuma daɗe ana auna hankalin mutanen da shi.

A shekarar 2020 Bruce Hardy da Marie-Hélène Moncel da abokan aikinsu suka bayyana abin da suka hango da madubin ƙara girma a jikin wani ɓantare: guntun igiya mai tsawon milimita shida da 'yan kai, daga shimfiɗar ƙasa mai shekaru 41,000 zuwa 52,000. Daga cikin ɓawon wata bishiya mai ganye kamar allura aka zaro zarenta. Sili uku ne, an murza kowane ta fuska guda, sa'annan aka haɗa su aka tufka ta kishiyar fuskar. Duk wanda ya taɓa ganin ana tufkar rama ya san dalili: murɗin biyu ne ke danne juna, in ba haka ba igiya ta warware. Ba a yin wannan bisa tsautsayi. Sai an san bishiyar, an san lokacin da ɓawonta ke saɓulewa, an kuma iya riƙe ƙidaya yayin da hannu ke aiki.

Masu shakka suna da tasu hujjar: guntu ɗaya ne tak, kuma masu binciken kansu sun ce wataƙila ɗaurin dutsen ne, wataƙila ragowar jaka ce ko raga. Amma igiyar ba ita kaɗai ba ce. A Kenigsawe ta Jamus an samu dunƙulen ƙaron da aka dafa daga ɓawon bishiya don liƙa dutse a ƙota, da shatin yatsan wanda ya matsa shi a jiki.