Kwalbar Tawadar Da Na Ji Tsoron Buɗewa

Da yayana ya dawo daga karatu a Japan, tsarabar da ya miƙo mini ita ce 'yar kwalbar baƙar tawada mai mililita 50. Ya san tun rasuwar Baba nake riƙe da tsohon alƙalaminsa, irin wanda ake ɗura wa tawada. "Ki lallaɓa ta," in ji shi, "a bana kaɗai kamfanin ya yi irinta, in ta ƙare shi ke nan."

Wannan magana ce ta sa kwalbar ta yi wata huɗu a ƙasan akwatina. Sai in ɗauko ta, in ɗaga ta ga haske, in mayar. Darasi kuwa da biro nake rubutawa, alƙalamin Baba yana ajiye a bushe. Wata rana abokiyar ɗakina ta tambaye ni, "Wai tawadar nan taki tana da kyau kuwa?" Na buɗe baki zan ce ƙwarai, sai na tuna ko ɗigo ɗaya ban taɓa gani a takarda ba. A daren na wanke alƙalamin da ruwa, na ɗura masa.

Na fara da launi. Parker Quink da Baba ke amfani da ita takan ɗan yi toka-toka idan ta bushe. Wannan kuwa baƙa ce wuluk, kuma idan ka karkata takardar sai ka ga wani ɗan jan ƙyalli a gefen haruffa. Alƙalamin yana tafiya sumul, ba ya kartar takarda. A nan ba ni da ƙorafi.

Sai bushewa. Ni bahaguwa ce, hannuna yana bi ta kan abin da na rubuta. A takarda mai santsi na ƙirga daƙiƙa 20 kafin ta bushe, gefen hannuna ya yi baƙi, layuka biyu suka dame. A littafin rubutu mai araha, irin wanda yawancinmu ke saye, ta bushe nan take, amma haruffan suka yi gashi-gashi, ta kuma ɓullo ta bayan shafi. Ke nan rabin littafin ya tafi a banza.

Gwaji na uku daga darasin kimiyya na aro shi. Na ɗiga ta a takardar goge hannu, na tsoma gefen takardar a ruwa. Da ruwan ya haura sai baƙin ya rabu, shuɗi ya yi gaba, shunayya na biye. Ashe haɗin rini ne da ke narkewa a ruwa. Akwai baƙar tawadar da ake yi da ƙananan ƙwayoyin gawayi, wadda ruwa ba ya ɗauka idan ta bushe, sai dai tana iya toshe alƙalami in an bar ta ta kwana biyu a ciki. Tawa ba ita ba ce. Na yayyafa ruwa a shafin da na rubuta, ya koma dabbare-dabbare. A watan Agusta, da jakar da ruwa ke ratsawa, wannan ba ƙaramar matsala ba ce.

Raina ya ɗan ɓaci, har na kai wa kakana ƙara lokacin hutu. Tsohon malamin allo ne. Ya yi dariya ya ce, "Jikata, wace tawada ce ta iya komai?" Ya tuna mini cewa ta allo da gawayi da ƙaro ake haɗa ta, kuma amfaninta shi ne ta wanku. Wadda ake rubuta littafi da ita kuwa, yambari, da bagaruwa da kashin maƙera ake jiƙa ta, don ta kama takarda ta zauna. Kowacce da aikinta, kuma bai taɓa jin malamin da ya ɓoye tawada don kada ta ƙare ba.

Ga hukuncina. Tawadar kyakkyawa ce, amma ƙarancinta a kasuwa bai ƙara mata komai a kan takarda ba. Ba zan shiga jarrabawa da ita ba, kuma ba zan ba ɗalibi shawarar ya taɓa kuɗin abincinsa don irinta ba. Na sayi littafi ɗaya mai takarda mai kauri, a ciki nake rubuta abubuwan da nake tunawa game da Baba: yadda yake gyara murya kafin ya yi faɗa, da yadda yake sa hannu a katin sakamakonmu da wannan alƙalamin.

Yanzu kwalbar ta kusa rabi. Da yayana ya gani ya riƙe baki ya ce, "Har kin sha rabi?" Na miƙa masa littafin. Ya zauna a bakin gado yana karantawa, bai sake maganar tawada ba.