Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi



Na daɗe ina riƙe wa dattijon unguwarmu alƙalami a nan Poli. Kowace shekara, da an fitar da sakamakon BEPC, zaure kan cika da iyaye masu neman shawara: wane fanni yaro zai bi? Nakan rubuta abin da aka yanke ban ce uffan ba. Yau zan yi magana, domin kuskuren da nake gani a gidana na fara yin sa.

Ni ɗan makarantar allo ne. Na sauke, na karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, amma Faransanci a bakin titi na tsince shi. Duk ranar da na kai takarda ofis aka gyara mini ita a gaban mutane, sai na ƙudurta cewa ɗana na fari zai zama ma'aikacin gwamnati mai teburi. Da ya ci BEPC, na tura shi fannin A, na adabi da harsuna, ban tambaye shi ba.

Alhali tun yana ƙarami halinsa a fili yake. Akuyar maƙwabta ta ƙi cin abinci, shi ake kira. Yakan wuni wajen makiyaya yana tambayar me ya sa ƙananan shanun Dowayo marasa tozo suke jure sammore fiye da manyan shanun Fulani. Ni kuwa shiririta na ɗauki wannan.

Sau biyu ya faɗi Probatoire. A karo na biyu ya durƙusa gabana ya ce, “Baba, ban ƙi karatu ba, wannan ne ba ya zama a kaina.” Daren nan na tuna malaminmu, Allah ya jiƙansa. Bai taɓa yi mana kuɗin goro ba. Mai kaifin hadda ya tsare shi a kan tilawa, mai kyan hannu ya ba shi rubutu, mai yawan tambaya ya ja shi zuwa fiƙihu. Na ga wannan da idona, amma na hana ɗana irinsa, don ina neman ya rama mini kunyar da na sha.

Daga baya ya ci jarrabawar shiga cibiyar horar da ma'aikatan kiwo da lafiyar dabbobi ta Marwa. Yau da allurar shanu yake ciyar da iyalinsa. Sai dai shekaru uku sun salwanta, kuma ni na salwantar da su.

Hanyoyi sun fi teburin ofis yawa. Akwai makarantun CETIC masu kai yaro ga shaidar CAP ta sana'a. Akwai SODECOTON, kamfanin auduga mai hedikwata a Garwa tun 1974, da ɗakin binciken LANAVET na Bokle mai haɗa rigakafin dabbobi. Jami'ar Ngaundere tana koyar da likitancin dabbobi, an kuma kafa Jami'ar Garwa a 2022.

Mu Hausawa a nan kaɗan ne, ba mu da yaran da za mu yi asararsu. Kafin ka zaɓa wa ɗanka ko 'yarka fanni, dubi abin da yake yi idan ba a sa shi ba, ka tambayi malamansa inda makinsa ya fi ƙarfi, sannan ka zaunar da shi ka saurara. Bayan haka a yi istihara.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu dace.