Kafin Dilar Gwanjo Ta Iso Kasuwar Anka

Tun 2014 Tarayyar Turai take gudanar da shirin Erasmus+, inda ake haɗa matasa 'yan shekara 13 zuwa 30 daga ƙasashe daban-daban, su yi kwana 5 zuwa 21 wuri guda suna koyon wani abu. Cikin abubuwan da ake tara su a kai yanzu har da sutura: yadda mutum zai sa kaya ba tare da ya ɓata ƙasa da ruwa ba. Ana koya musu yin maho, da sake rina tsohuwar riga, da farke wando a fitar da jaka. Suna da hujja. Ranar 24 ga Afrilu 2013 benen Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, mutum sama da 1,100 suka mutu, galibinsu masu ɗinka wa kantunan Turai da Amurka kayan araha. Da yawa daga abin da aka sa aka yar a Turai da Amurka kuwa, Afirka yake ƙarewa. Kasuwar Kantamanto ta Ghana kaɗai ana ƙiyasin tana karɓar tufa miliyan 15 a mako, kusan kashi 40 cikin ɗari kuma bola suke tafiya.

Tsohuwar da ta yi ƙuruciya a Dareta ko wani ƙauyen Gummi da Bukkuyum a Zamfara, in ka karanta mata wannan darasi, cewa za ta yi: "To, ɗan nan, da can me muke yi?"

Da kaka ake tsinko auduga. Mace ta ɗora ta a kan magurji, ta murza da ɗan ƙarfe har angurya ta fita, a ajiye wa shanu ko a bar ta iri. Sai shiɓa, sai kaɗi. Ta zauna a inuwar zana, mazari yana juyi cikin 'yar tasa, tana dangwalar alli da yatsa don kada zaren ya zame, hira ba ta tsaya ba, hannu bai tsaya ba. Siririn zare na zane ne, abawa ta gwado. Masaƙi ya karɓa ya fitar da ƙwarya-ƙwarya, a harhaɗa, a kai marina. Marini kuma baba da toka ne jarinsa, har katsin da ya kwanta a gindin rami ba ya zubarwa, ƙona shi ake yi a yi dabe da shafen gini.

Rigar da ta sha wannan wahala ba a yi mata riƙon wasa. Maigida ya yi salla da ita shekaru. Ta koɗe, a mayar marina a tura ta, a kai mabuga ta dawo tana sheƙi. Wuya ya ci, a yi maho. Daga nan ta koma ta zaman gida, ko dillaliya ta shiga da ita gidaje ta samo mata mai so. In ta gaji, a yanke taguwar yaro a jikinta, ragowar ta zama majanyi, ta zama gammo, ƙarshenta lagwanin fitila. Babu ranar da za a ce ga ta a juji.

Tafiya neman sani ma ba baƙuwarmu ba ce. Samari sukan bi ayarin fatake har Gwanja sayen goro, da turkuɗi da baƙaƙen riguna a kan jakuna, su ga saƙar wasu ƙasashe su dawo da ita a ido. Almajiri ya tafi gabas karatu, ya dawo da allo da allura, ya iya ɗinkin hula da aikin wuyan riga. Ɗan cin rani ya sauka Kano, ya yi ɗaukar ruwa a marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, ya koyi gane rami da ƙanshi. Bajamushe Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafinta suna kaiwa Tambutu da Tarabulus. Waɗannan samari sun tarar da auduga a gonar uba da mai saye a kasuwa ranar da suka dawo, shi ya sa abin da suka koyo ya zauna.

Kada dai a yi wa jiya kwalliyar da ba tata ba. Rashi ne ya koya wa mutane tattali. Talaka da yawa rigarsa ɗaya ce, yara suna yawo da bante cikin hunturu, a ƙarni na 19 kuma gumin bayi yana cikin gonakin auduga da baba.

Zaren ya fara tsinkewa da jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, audugar ta kama hanyar injin gurza da tekun Ingila. Masaƙar Kaduna ta 1957 da Zamtex ta Gusau sun riƙe wani abu a gida na ɗan lokaci, su ma suka durƙushe. Ta Kaduna ta rufe a 2002. Atamfar Sin da gwanjo suka cike gurbin, duk da cewa doka ta hana shigo da gwanjo Najeriya. Yau da kuɗin da bai kai na mudun gero ba yaro zai ɗauki riga a kan tabarma ranar kasuwa. Wa zai zauna kaɗi?

A Dareta zinariya ce ta kwashe hannayen. Duniya ta san sunan garin a 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen da ake dakawa cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da masu kankare ƙasa suka zo daga ƙetare, kuma cikin gargaɗin da aka yi ta nanata wa mahaƙa akwai na tufa: a cire kayan aiki, a yi wanka kafin a shiga gida a ɗauki yaro. Bayan haka 'yan bindiga suka sa noma kansa ya zama kasada.

Ba na ƙyashin matashin da ya samu kujerar jirgi zuwa Turai a irin wancan shiri na Erasmus+, tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma masu zaɓen waɗanda za su je sukan tsaya kan mai Turanci da fasfo, ɗan marini da 'yar masaƙi ba su ma jin labari. Matasan Zamfara da ke son wannan fanni, masu kaɗin nan ba su ƙare ba tukuna, wasunsu suna gudun hijira a cikin garin Anka. Ku neme su da goronku da wayarku, ku ɗauki aikin hannunsu da bakinsu tun suna iya riƙe mazari.