Darajar Ɗan Kati

A tsakanin 1909 da 1911, kamfanin American Tobacco ya riƙa cusa ƙananan katuna masu hotunan 'yan wasan besbol a cikin kwalayen sigari. Ba a jima ba aka daina buga na wani ɗan wasan Pittsburgh mai suna Honus Wagner, don haka kaɗan ne suka shiga hannun jama'a. A 2022 an sayar da guda ɗaya a kan dala miliyan 7.25.

Mai tara irin waɗannan katuna a Amurka yakan zauna da gilashin ƙara girma, yana bin katin lungu-lungu. Kusurwoyin nan huɗu suna nan da tsininsu, ko sun dakushe? Hoton yana daidai tsakiya, ko ya karkata? Akwai alamar lanƙwasa? Kamfanoni irin su PSA da SGC su ke yanke hukunci, su ba da maki daga 1 zuwa 10, sannan su rufe katin cikin ƙwaryar roba. Maki ɗaya kan ninka farashi.

Katin ɗan wasan besbol Mickey Mantle na kamfanin Topps, bugun 1952, ya samu maki 9.5, aka saye shi dala miliyan 12.6 a gwanjon 2022. A zamaninsa yara ne ke sayen irinsa tare da cingam, wasu ma su maƙala su a tayar keke don jin ƙara.

Abin da aka wulaƙanta shi ya yi ƙaranci, har ya yi tsada. Katunan ƙarshen shekarun 1980 kuwa, da aka buga birjik kowa ya adana, yawancinsu ba su da wata daraja a kasuwa yau.