Kanya Babba: Kafin Motar 'Yan Kwana-Kwana Ta Iso

Wanda ya tashi daga Kano zai je Babura, ta Kwanar Dumawa zai ratse, ya wuce Kunya, sannan ya faɗa Kanya Babba a Jihar Jigawa. Ƙasa ce mai rairayi, ta gero da dawa da gyaɗa da wake. Titin da ya ratsa garin ya zarce Babura har Babban Mutum ta Jihar Katsina, dab da iyakar Nijar. Can shafinku ya leƙa a wannan makon.

Kamar sauran garuruwanmu, harkar Kanya Babba a bakin kwalta ta taru. Ga mai shayi da wutarsa, ga mai tsire da garwashi, ga 'yan acaɓa, ga kuma 'yan bumburutu da galan-galan na fetur. Da muka dubi yadda wuta da fetur suke maƙwabtaka, sai muka tambayi kanmu: idan tankar mai ta kife a nan, me ya kamata a fara yi?

Ba a banza tambayar ta zo mana ba. Babura da Taura duk a Masarautar Ringim suke, kuma a garin Majiya na Ƙaramar Hukumar Taura ne, a daren Talata 15 ga Oktoba, 2024, wata tanka da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife. Fetur ya malale cikin magudanar ruwa, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, sai wuta ta tashi. Kwamitin da Gwamna Umar Namadi ya kafa ya gano cewa fiye da mutum 200 ne suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu, 2025, aka sake ganin irin wannan musiba a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja.

To, yaya ƙwararrun jami'an kashe gobara suke tunkarar irin wannan haɗari? Abu na farko, ba sa kutsawa kai tsaye. Daga nesa suke tsayawa, ta ɓangaren da iska take tasowa, a kan tudu idan da hali. Dalili kuwa, tururin fetur ya fi iska nauyi, don haka ƙasa-ƙasa yake bi, ya gangara kwari da lambatu. Ido ba ya ganinsa, amma guntun sigari, ko tartsatsin babur, ko janareta, ya isa ya kunna shi.

Na biyu, sai sun gane abin da motar ta ɗauko. A ƙa'idar duniya, motar da ke ɗauke da kaya masu haɗari tana da allo mai lamba huɗu: 1203 fetur ne, 1202 man dizal, 1223 kananzir, 1075 kuma gas na girki. Kowanne da yadda ake bi da shi.

Na uku, kore mutane. Littafin jagorar gaggawa da hukumomin sufuri na Amurka da Kanada da Meziko suke fitarwa ya ba da ma'auni. Idan fetur ya zube, a fara janye kowa aƙalla mita 50 ta kowace fuska. Idan zubar mai yawa ce, a duba kwashe mutanen da iska ke kaɗawa wajensu har mita 300. Idan kuwa tankar ta kama wuta, mita 800 ake so, wato kusan tsawon filin ƙwallo takwas. Daga nan sai a raba wurin gida uku. Zagayen ciki na masu rigar kariya ne da tukunyar iskar shaƙa a baya. A na tsakiya ake wanke jami'ai da kayan aiki. A na waje shugaban aiki da motar asibiti suke tsayawa.

Sai bayan wannan ake taɓa man. Akan tare shi da yashi don kada ya shiga rijiya ko magudana, sannan a lulluɓe shi da kumfa ta musamman wadda take raba shi da iska. Ɗaliban kimiyya sun san dalili: fetur bai kai ruwa nauyi ba, yana tasowa samansa. Wanda ya watsa ruwa a kan fetur mai ci, ya ba wutar abin hawa ke nan. Amfanin ruwa a nan shi ne sanyaya jikin tankar daga nesa don kada ta fashe.

A ƙasar noma irin wannan, haɗarin bai tsaya kan titi ba. Ƙwayar nan da ake sa wa buhunan wake da hatsi don kashe ƙwari, da zarar ta ji danshi sai ta riƙa fitar da iska mai guba. Ba a kwana ɗaki ɗaya da hatsin da aka sa wa ita, kuma idan gobara ta kama wurin ajiyarta, a gaggauta sanar da jami'ai kafin kowa ya ɗauko ruwa.

Idan kun lura, mataki na uku ba ya buƙatar mota ko kumfa. A garin da ke nesa da Dutse da Kano, mintunan farko a hannun mutanen gari suke, kuma matasa ne kan fara isa wurin. Mun san halin da ake ciki. Lokacin abin da ya faru a Majiya, litar fetur ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Amma jarka ɗaya ba ta kai ran mutum ba, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne. Gwamnatin Tarayya ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 hawa titi daga 1 ga Maris, 2025, sai dai mai lita 33,000 ma ta isa ta cinye unguwa.

Don haka, ya ku ɗalibai, ku riƙe waɗannan. Ku yi nisa, ku nufi inda iska take tasowa. Ku ja ƙannenku, ku faɗa wa mai shayi da mai tsire su kashe wuta, kada kowa ya tayar da babur a kusa. Idan kun yi nisa, ku kira 112, ku sanar da 'yan sanda da mai unguwa. Kada ku koma ɗaukar hoto. Muna kuma roƙon malamai su fita da ɗalibai filin makaranta, su auna mita 50 da mita 300 da ƙafa, domin kowane yaro ya ga nisan da idonsa tun kafin ranar buƙata.